Fatar ciki ta sage, sikanin bai nuna komai ba: ina za a duba?

Ma'aikacin Sha-ka-tafi

Assalamu alaikum, likitoci da sauran ma'aikatan lafiya. Ina neman haske a kan wani dattijo mai shekara 61, yana fama da ciwon suga kusan shekara 10, metformin yake sha. Wata biyu ke nan fatar cikinsa ta dama ta sage, tun daga kwiɓi har cibiya. In ya shafa wurin sai ya ce kamar jikin wani yake shafawa, amma dare na yi sai ya kama zugi da suka, ko riga ba ya son ta taɓa shi. An yi sikanin ciki sau biyu, hanta da matsarmama da ƙoda duk lafiya. An ba shi maganin olsa har ya gaji da sha. Cin abinci da bayan gida ba matsala, sai dai ya ɗan rame. Mutanen gida har sun fara zancen jifa, suna shirin kiran wanzami ya yi masa ƙaho.

Shin jijiya na iya kawo irin wannan a ciki? In haka ne, me zan duba da hannu a inda ba na'ura, kuma yaushe ne ya zama dole a tura shi babban asibiti ba jira?

Likitan Jijiya

Wa alaikumus salam, Malam. Ƙwarai kuwa tana kawowa. Sikanin ba zai nuna maka ba ko sau goma aka yi, don shi kayan ciki yake gani, ita kuwa matsalar a bangon ciki take, a jijiyoyin da ke kai wa fata ji. Hanji da hanta suna ciwo, amma ba sa sa fata ta sage.

Jijiyoyin fatar ciki daga laka suke fitowa, ta tsakanin ƙasusuwan gadon baya, bibbiyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Kowace tana bin ƙarƙashin haƙarƙari ta zagayo gaba tana ɗan gangarowa, ta tsaya a tsakiyar ciki. Ta dama ba ta ƙetarawa hagu. Lambobin jijiyoyin (T na ƙirji, L na ƙugu, ana ƙirgawa daga sama zuwa ƙasa) a wurare huɗu sun ishe ka: T4 daidai kan nono, T7 ƙahon zuci, T10 cibiya, T12 da L1 mara da matse-matsi. In ka riƙe su, fatar ciki da kanta za ta nuna maka inda ɓarnar take a baya.

Kayan aikin ba su wuce auduga, tsinken sakace da biro ba. Kwantar da shi rigingine, ya tuɓe riga, ya rufe ido. Fara taɓa shi da tsinke a inda yake lafiya, kamar ƙirji, ka ce masa wannan shi ne ɗari bisa ɗari. Sannan ka koma tsakiyar wurin da ya sage, ka riƙa tahowa waje a hankali, duk inda ya ce “nan na ji sosai” ka ɗiga biro. Daga wurin da ya sage ake fitowa zuwa mai lafiya. In ka juya, iyakar ba za ta fito da kyau ba. Yi haka ta sama, ta ƙasa, ta tsakiyar ciki. Ka juya shi ka bi har gadon baya, abin da aka fi mantawa ke nan. Ka maimaita da auduga, sannan da gindin cokali mai sanyi. In ka haɗa ɗigogin, siffar da ta fito ita za ta ja ka.

In ta fito kamar rabin ɗamara, gefe guda, faɗinta tafin hannu ɗaya ko biyu, ta tsaya cak a layin cibiya, ƙafafu kuma lafiya lau, to saiwar jijiya ɗaya ko biyu ce ta taɓu. A mai shekara sittin da ɗoriya da ya daɗe da suga, abu biyu ne kan gaba: ko sugan ne ya taɓa jijiyar haƙarƙari, ko kuma ciwon ƙurajen nan masu fita a jere gefe guda ne ya bar baya da ƙura. Na suga yakan zo wa masu shekara 50 zuwa sama, sau da yawa tare da rama, zafinsa ya fi tsanani da dare, kuma fatar da ba ta jin tsinke sosai ita ce ba ta jure gogar riga. Kar wannan ya rikita ka, jijiyar da ta ji rauni haka take yi: saƙon gaskiya ya ragu, na ƙarya ya ƙaru. Wani lokaci tsokar gefen ma takan saki, in mutum ya miƙe tsaye sai ka ga kwiɓinsa ya turo, a ɗauka kaba ce. Ba kaba ba ce, ba rami a tsokar, kuma ba ta bukatar tiyata. Irin wannan yakan lafa da kansa, amma a hankali, daga 'yan watanni har shekara ɗaya ko biyu.

Akwai wata siffar ta suga da ba a cika ganewa ba. In sagewar da ta faro daga yatsun ƙafa ta hau har cinya, sai ka sami wani fili a tsakiyar ciki, dama da hagu, ya sage shi ma, baya kuwa lafiya. Dalili shi ne jijiya daga ƙarshenta take fara mutuwa, ƙarshen jijiyar haƙarƙari kuwa a tsakiyar ciki yake. Sai ka kuma duba ko yana allurar insulin a ciki: wurin da aka dinga soka shekara da shekaru yakan yi tudu mai tauri wanda ba ya jin allura sosai.

Siffar da ba a kwana da ita: sagewa dama da hagu, daga wani layi a ciki ta yi ƙasa har ƙafafu. Wannan laka ce. A tura shi ranar, ba gobe ba.

A jini, ka nemi suga kafin karin kumallo. 126 a ma'aunin mg/dL, wato 7.0 a mmol/L, shi ne mizanin ciwon. In da hali a yi HbA1c, gwajin da ke nuna matsakaicin suga na watannin baya, a duba aikin ƙoda, a duba bitamin B12, don metformin na rage shi ga wanda ya shekara 4 ko 5 yana sha. Ka kuma tambaya ko kwanan nan aka fara masa insulin ko aka ƙara magani sugan ya faɗo da sauri. Saukar HbA1c da fiye da maki 2 cikin wata 3 ita kanta tana tayar da ciwon jijiya.

Zancen ƙaho kuwa a dakatar. Fatar mai suga da ba ta ji sosai, in aka tsaga ta, garin neman gira ne za a rasa ido.

Likitan Ƙashi

Likita ya yi bayani, Allah Ya saka. Amma ni ramar nan ce ta tsaya min a rai. A ƙasarmu, dattijo mai rama da zafin da ke zagayowa daga baya, ba na yarda a ɗora wa suga laifi sai an duba gadon bayansa, don tarin fuka na ƙashin baya da haka yake farawa. Ƙasusuwan da ya fi ci su ne na ƙasan ƙirji zuwa saman ƙugu, daidai inda jijiyoyin ciki ke fitowa. Da farko saiwa ɗaya yake dannewa, ka ga rabin ɗamarar da Likita ya faɗa, ƙafafu lafiya. Bayan makonni ko watanni ƙashin ya lotsa ko mugunya ta taru ta danne laka, sai a kawo maka mutum a kan tabarma. Mai suga ma ya fi mai lafiya saurin kamuwa da tarin fuka, don haka samun ɗaya ba ya kore ɗayan.

Malam, ka zaunar da shi ka bi tsakiyar bayansa da yatsa daga wuya zuwa ƙugu, ƙashi bayan ƙashi. Kana neman wanda ya turo ya fi 'yan'uwansa, farkon ƙusumbi ke nan. Sannan ka dunƙule hannu ka ɗan bubbuga kowanne. In akwai wanda ya zabura a kansa, sa masa alama. Tambaye shi zazzaɓin yamma, gumin dare, da ko ciwon bayan na tashinsa daga barci. Rashin tari ba hujja ba ne. Da yawa daga masu wannan ciwo huhunsu fes yake a hoto, gwajin majina ma ba ya nuna komai.

Daga nan sai ƙafa. Ya yi tafiya a gabanka, ya taka a kan dunduniya, ya taka a kan yatsu, ya tashi daga kujera ba dafawa. Ka ja makulli a tafin ƙafarsa ta gefen waje, daga dunduniya zuwa yatsu: in babban yatsa ya ɗaga sama maimakon ya lanƙwashe ƙasa, laka ta taɓu. Yana kwance ka ce ya ɗago kai ba tare da ya dafa ba, idonka a kan cibiya. In ta ja sama, tsokar ƙasan ciki ta raunana, ɓarnar tana wajen T10. Akwai kuma ja wa fatar ciki tsinke daga gefe zuwa cibiya don a ga tsoka ta motsa, amma ga mai ƙiba ko tsoho ko macen da ta haihu da yawa sau da yawa ba ya fita, sai in gefe ɗaya ya yi ɗayan ya ƙi ne yake da ma'ana.

Kar ka ji nauyin tambayarsa fitsari da bayan gida, ko da sa'an mahaifinka ne. Yana jin fitsari in ya taru? Yana yunƙuri kafin ya fito? Yana zubowa bai sani ba? In ya yi tsarki yana jin ruwan a jikinsa? Bayan ya yi fitsari ka taɓa mara. In ka ji mafitsara a cike, a sa masa robar fitsari a tura shi nan take.

Kuskuren da ya fi yawa a wajen hoto ne. Mutum ya sage daga cibiya, sai a rubuta masa hoton ƙugu, hoto ya fito lafiya, a sallame shi. Laka ta fi gadon baya gajarta, tana ƙarewa ne wajen ƙashin ƙugu na ɗaya zuwa na biyu. Saboda haka sashen lakar da ke kula da cibiya ba a bayan cibiya yake ba, yana can sama wajen ƙashi na 7 ko na 8 na ƙirji. Ban da haka, layin sagewa yakan sauko ƙasa da inda ciwon yake. A ɗauki hoton bayan ƙirji, ta gaba da ta gefe. Shi ma hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna komai sai ƙashi ya zaizaye sosai, don haka in ƙafa ta fara rauni ko fitsari ya canza, MRI, hoton na'ura mai nuna laka kanta, ake bukata na gadon baya baki ɗaya, cikin awa 24. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, ko na Sakkwato, ko asibitin ƙashi na Dala, can ne wurin turawa. Abin da ya sa ake gaggawa: wanda aka fara wa magani yana tafiya da ƙafarsa yawanci yakan ci gaba da tafiya, wanda kuwa ya riga ya kwanta kwanaki, tashinsa da wuya.

Maganin tarin fuka na ƙashi kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, wata 12 a tsarin Najeriya: wata 2 na magani huɗu, wata 10 na magani biyu.

Ba tarin fuka kaɗai ke danne laka ba. A dattijo namiji a tuna da sankarar furostet (ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsara), a mace sankarar mama, dukansu suna son gadon baya. A matashi mai noman rani ko wanka a dam, wanda cikin 'yan kwanaki ƙugu ya riƙe, ƙafa ta mutu, fitsari ya tsaya, a tuna da tsargiya, ƙwayayenta kan maƙale a ƙasan laka.

Ma'aikacin Sha-ka-tafi

Na gode ƙwarai, likitoci. An zana. Rabin ɗamara ce, ta dama kaɗai, daga kusa da gadon baya zuwa cibiya, faɗin yatsu shida, ba ta ƙetare tsakiya ba. Tafiya lafiya, fitsari lafiya, ba inda ya zabura da aka bubbuga baya, ba zazzaɓi. Yatsun ƙafa biyu ba sa jin auduga sosai. Suga da safe 214. Abu ɗaya: a kwiɓi, cikin wurin da aka zana, akwai 'yan tabbai baƙaƙe ƙanana guda biyar ko shida a cure. Ya ce ƙuraje ne suka fito masa wata uku da suka wuce, ya ɗauka wani ƙwaro ne ya yi masa fitsari.

Likitar Fata

To ai Malam ka samo bakin zaren. Tabbai a cure, gefe guda, cikin layin da ya sage, kuma ƙurajen sun riga zafin na yanzu: wannan ciwon da likitoci ke kira zosta ne. Ƙwayar cutar ƙarambau ce. Bayan yaro ya warke daga ƙarambau, ba ta barin jiki, tana ɓuya a saiwar jijiya kusa da laka shekara da shekaru. In garkuwar jiki ta yi rauni, saboda tsufa ko suga ko sankara ko cuta mai karya garkuwa ko shan magunguna irin su prednisolone, sai ta farka ta bi jijiya ɗaya ta fito fata. Jijiyoyin ƙirji da ciki ta fi bi.

Zafi ne ke fara zuwa, kwana 2 ko 3 kafin ƙurajen, shi ya sa ake cewa olsa ce ko afendis ko ƙoda. A baƙar fata ba za ka ga jan da littattafai ke nunawa ba, sai dai wurin ya ɗan yi duhu da 'yan bororo masu ruwa a cure. Suna bushewa cikin kwana 7 zuwa 10, su warke cikin mako 2 zuwa 4. A wasu, musamman 'yan sama da 60, jijiyar ba ta komawa daidai, sai sagewa da zugi su zauna. In sun wuce wata 3 da fitowar ƙuraje, ciwon jijiyar bayan zosta ke nan. A wannan mataki maganin kashe ƙwayar cutar ba shi da sauran amfani, kar a sa su ɓata kuɗi. Lokacinsa awa 72 na farko bayan ƙuraje sun fito.

Duk wanda ya zo da zosta, musamman ɗan ƙasa da 50, ko wanda ƙurajen suka kama layi fiye da biyu, ko suka sake dawowa, a ba shi shawarar gwajin cuta mai karya garkuwa. Wannan dattijon ma tunda akwai rama, a yi masa. Kuma ina tare da Likitan Ƙashi: gano zosta bai amsa tambayar ramar ba. Suga 214 na iya ramar da mutum, amma a auna nauyinsa yau, a sake bayan wata guda.

Tunda zancen fatar da ba ta ji ake yi, kar a manta da kuturta, har yanzu tana nan. Ita ba ɗamara take yi ba. Tabo ne mai haske ko ja-ja, ba ƙaiƙayi, ba ya gumi, gashin wurin ya zube, kuma yakan fito a baya ko ciki ko ɗuwawu. A rufe wa mutum ido a taɓa tsakiyar tabon da bakin auduga, ya nuna da yatsa inda aka taɓa. Mai ƙyasbi zai nuna daidai, kuma in ka kankare sai ya yi gari. In bai ji ba, a taɓa jijiyar bayan gwiwar hannu da ta gefen gwiwar ƙafa a ji ko sun yi kauri, a tura shi wurin jami'in tarin fuka da kuturta na ƙaramar hukuma. Magani kyauta ne, wata 6 ga mai tabo 1 zuwa 5, wata 12 ga wanda ya fi haka ko wanda jijiyarsa ta taɓu.

Maman Husna

Don Allah ku yi haƙuri in shigo. Ƙanwata aka yi wa aiki aka ciro jariri, mako biyar yanzu. Saman ɗinkin, kamar faɗin yatsu uku, ba ta jin komai. Shin allurar bayan da aka yi mata ce ta taɓa laka?

Ungozoma

Maman Husna, ki kwantar da hankalinki, barka da arziki. Allurar baya tana sakin mutum cikin 'yan awoyi. Ƙa'idar ma ita ce in awa 4 suka wuce mace ba ta iya ɗaga ƙafa ba, a kira wanda ya yi allurar. In da ita ce ta yi ɓarna, a ƙafa da fitsari za a gani tun a kwanakin farko, ba a saman ɗinki kaɗai ba.

Abin da ƙanwarki ke ji daga yankan ne. Ana yanka a kwance, ɗan sama da ƙashin mara, kuma ƙananan rassan jijiya masu kai wa fatar wurin ji dole wuƙa ta ratsa su. Kusan duk wadda aka yi wa aikin tana samun haka, haka ma wanda aka yi wa aikin kaba ko afendis ko matsarmama. Jijiya na tohowa kamar milimita ɗaya a rana, wato wajen inci ɗaya a wata. In ta fara dawowa za ta ji ƙaiƙayi, ko tsikari, ko kamar kiyashi na tafiya. Alamar warkewa ce. Yawanci cikin wata 6 zuwa shekara wurin yake raguwa, wasu kuma ɗan siririn layi yakan zauna har abada ba ya cutar da komai.

Inda nake so ki sa ido shi ne wankan jego. Fatar da ba ta ji ba za ta gaya mata ruwa ya yi zafi ba. Ruwan da ya kai digiri 60 cikin 'yan daƙiƙu yake ƙona fata, na tukunyar jego kuwa ya wuce haka nesa. Sai a fyaɗa mata ganye a mara, ita ba ta ji komai ba, washegari a ga bororo a bakin ɗinki. A sirka ruwan har mai yi mata wanka ta iya tsoma gwiwar hannunta ta bar ta a ciki ba ta janye ba. Ban da gasa ciki da tsumma ko kwalbar ruwan zafi, ban da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta a ƙasa. Ta riƙa duba wurin da madubi kullum, tunda ido ne zai yi mata aikin da fata ta daina.

Ta koma asibiti in ɗinki ya kumbura, ko yana ruwa, ko zazzaɓi ya zo. Haka kuma in ta sami zafi mai suka a kusurwa ɗaya ta ɗinkin, yana harbawa zuwa matse-matsi ko gaba ko cikin cinya, yana ƙaruwa in ta miƙe ko ta juya. Wannan alama ce zare ko tabo ya shaƙe jijiyar da ke bi ta gefen mara, kuma ana maganinsa da allurar kashe zafi a daidai wurin.

Likitan Jijiya

Hajiya Ungozoma ta tuna min da wani ciwon da ya kamata a ambata, don yana faruwa ko ba tiyata. Reshen jijiyar haƙarƙari na ƙarshe yana huda tsokar gaban ciki ta wata 'yar ƙofa a gefenta na waje, yatsu uku ko huɗu daga layin cibiya. A nan yakan shaƙe. Mai shi zai nuna maka wurin da kan yatsa ɗaya, kewayen wurin ya ɗan sage, in ka mintsini fatar kuma zafin ya fi na ɗaya gefen nesa ba kusa ba. Ɗora yatsa a wurin, ka ce ya ɗago kai da kafaɗu. In zafin ya ƙaru ko ya tsaya yadda yake, a bango yake. In ya ragu, daga ciki ne, don tsokar da ta ɗaure ta kāre kayan ciki daga yatsanka. Likita kan tabbatar da shi da allurar kashe zafi ta lidocaine mai kashi 1 cikin ɗari, mililita 5 zuwa 10, a daidai wurin: in zafin ya ragu da rabi cikin kwata na awa, an gano. Masu juna biyu ma sukan sami sagewa a ƙasan haƙarƙari a watannin ƙarshe saboda miƙewar bango, tana tafiya bayan haihuwa.

Mai Haɗa Magani

Malam, game da dattijonka. A gaya masa tun farko cewa maganin zugi zai rage, ba zai dawo da ji ba. In ba haka ba bayan mako guda zai ce bai yi aiki ba ya watsar. Diclofenac da ibuprofen ba sa taɓa irin wannan zafi, sai dai su ci ƙodar mai suga su tayar masa da olsar gaske.

Mafi araha amitriptyline ne. Ga mai shekara 61 a fara da miligiram 10 da dare. In mai 25 kaɗai ake samu, a raba biyu. A ƙara kaɗan-kaɗan duk mako in ya jure, da wuya a bukaci wuce 50 zuwa 75. Sai an yi mako 2 zuwa 4 kafin a yanke masa hukunci. Yana busar da baki, yana sa barci da jiri in an miƙe da sauri, yana ɗaure ciki, kuma yana iya riƙe fitsarin dattijon da furostet ɗinsa ya kumbura. Wannan na ƙarshen a kula da shi sosai a nan, don riƙewar fitsari ita ce kuma alamar laka da ake tsaro. In ta faru kar a ce ai magani ne a zauna, a sake duba ƙafafu. Mai ciwon zuciya ko hawan ruwan ido, a nemi wani maganin.

Madadinsa gabapentin, a fara da 100 zuwa 300 da dare, a hau a hankali zuwa sau uku a rana. Ko pregabalin, 25 zuwa 75 a farko. Duka biyun ƙoda ce ke fitar da su, don haka sai an ga sakamakon ƙoda kafin a hau. Ba a yanke su rana ɗaya, a hankali ake sauka. Kar a haɗa su da tramol ko kodin, haɗin na danne numfashi. Tramol da amitriptyline kuma na iya kawo farfaɗiya. Pregabalin ɗin a ba wani babba a gidan ya adana, an san yadda matasa ke ɗauke shi.

Don gaba, in an kawo maka mai zosta ƙurajen na ɗanye: acyclovir miligiram 800, sau biyar a rana, kwana 7, da shan ruwa sosai, a rage in ƙoda ba ta da ƙarfi. Inda ake kuskure, ƙwayar da ke kasuwa sau da yawa mai 200 ce ko 400, sai a ce sha ɗaya safe da yamma, mutum ya sha abin da bai kai rubu'in adadin ba. Na shafawa ba ya aiki a zosta.

Ma'aikacin Sha-ka-tafi

Allah Ya ƙara basira. Za a yi gwajin ƙoda da na garkuwa da B12, a ɗauki hoton bayan ƙirji, sannan a fara amitriptyline rabin ƙwaya. Likita, sugan fa, a ƙara masa magani yanzu ko a jira?

Likitan Jijiya

A ƙara, amma a sauko da shi a hankali cikin watanni, ba cikin mako biyu ba. Ka ɗauki hoton zanen biron da waya, da izininsa, ka sake zanawa bayan mako 2. In layin ya ƙetara hagu, ko ya sauko ƙasa, ko ya ce ƙafa ta yi masa nauyi a matakala, kar ka jira sakamakon gwaji, ka rubuta masa takardar tura shi ranar.